Shekarar da Aka Turara Mini Iri

Da shinkafa nake riƙe da kaina a Kaduna. Mijina masinja ne a wani ofishin gwamnati, Allah ya yi masa rasuwa ya bar ni da yarinya da ta fara tasawa da autana namiji, a ɗaki ɗaya na haya bayan Babbar Kasuwa. Dangi suka ce in tattara in koma gida ƙasar Sakkwato, na ce ba inda za ni. Na kafa murhu a ƙofar gida ina dafa shinkafa da wake, gwagwaren akawuna da leburorin jirgin ƙasa suna zuwa da kwanoninsu. Turawa ba su tafi ba a lokacin, amma an fara maganar tafiyarsu, garin kuma cike yake da baƙi, kowa da yarensa, kowa da cikinsa.

Maƙwabciyata a gidan Kirista ce, mutuniyar kudancin Zazzau. Ta girme ni, don haka nake ce mata Yaya, ita kuma ta ce mini "ƙanwana", yadda bakinsu yake faɗa. Mijinta shi ke zuba gawayi a jirgin ƙasa, sai ya yi kwana da kwanaki bai leƙo gida ba, ya bar ta da tagwayenta. Doguwa ce mai sanyin magana, ni kuwa gajera, bakina ba linzami. Mutanen gidan kan ce in an ji hayaniya ni ce, in an ji ana ba da haƙuri ita ce. Ranar Lahadi ni ke duba mata tukunya ta tafi coci, in azumi ya zo ita ke ɗanɗana mini gishirin miya. Ni na koya mata gumi, yadda ake jiƙa shinkafa da ɓawonta, a turara, a shanya, sannan a cashe, don kada ta karye a turmi, ta kuma yi auki a tukunya. Da na san inda koyarwar nan za ta kai ni, da na bar ta da accar da ta iya.

Daminar da ta gabata ta yi gardama a can arewa. Kafin bazara ta kankama gero da dawa sun yi ƙafa sun bar kasuwa. Namu 'yan kasuwa, masu carbi a hannu, suka garƙame sito suna jiran farashi ya ƙara hawa, kuma ba zan wanke su ba don alƙiblarmu ɗaya. Da hatsi ya ɓuya kowa ya faɗa wa shinkafa, ita ma ta bi sahu. Wuri ɗaya ya rage da talaka zai gan ta da idonsa, wani babban kantin Turawa da ke kusa da kasuwa.

Dokar kantin ita ce gwangwanin sigari biyu kowane kai, kuma sai ka zo da ƙafarka, ba aike. Ba a nan abin ya tsaya ba. Ba a sayar maka da shinkafar ita kaɗai, sai ka haɗa da wani tarkacen da ya ƙi tafiya a kanta, yau man gashi, gobe hodar jarirai, jibi gilashin fitilar da ba ta yi daidai da fitilar kowa ba. Ni da gashina yake naɗe cikin kallabi dare da rana, sai da na tara kwalaben man gashi a ƙarƙashin gado kamar mai shirin buɗe shagon aski. Me gwangwani biyu zai yi wa wadda take ciyar da rabin unguwa? Sana'ata ta mutu murus. Akawunan nan su zo da kwanoninsu, su tarar da murhu a sanyaye, su juya.

Layin yakan yi tsawo har ya zagaya bayan ginin, to mu da muke wutsiya mu ke ganin ƙofar baya. Ta nan kukun Turawa da direbobin manya suke fitowa da buhu a kafaɗa, ba man gashi, ba hoda, ba rana a tsakar ka. Mu tsaya tun hantsi bai dubi ludayi ba har azahar, mata masu goyo suna zubewa ƙasa don jiri, su kuwa su shiga su fito ko gumi ba su yi ba.

Mai awon wani akawu ne siriri, farar riga mai ƙarin guga, fensir a bayan kunne. In ya cika gwangwani sai ya shafe bakinsa da babban yatsa, yatsan kuma ya ɗan lotsa ciki. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Abin da ya fi ƙona mini rai da mutumin nan shi ne ba ya tsawa. In mata suka fara gunaguni sai ya ajiye gwangwani, ya ɗaga ido sama, ya yi ajiyar zuciya.

"Ku yi haƙuri, uwayena," in ji shi. "Ba laifin kanti ba ne. Ƙarshen duniya ne ya zo. An faɗa tun da can za a yi yunwa, ga shi kun gani da idonku. Wanda ya samu gwangwani biyu ya gode wa Allah."

Kiristocin cikinmu su sunkuyar da kai, wasu daga cikin namu ma su kama salati suna cewa alamomin tashin kiyama ne. Ni kam rannan na kasa haɗiyewa.

Na ce, "Malam, in duniya ta kusa tashi, buhunan da ke fita ta baya ina za a kai su? Ko can ma akwai kuku?"

Mata suka kwashe da dariya. Shi kuwa ya yi kamar da bango nake, ya miƙo mini kwalbar man gashina.

Abu ɗaya ya hana ni karaya a lokacin, randar iri. Jar shinkafa ce ta gidanmu, irin wadda ake yafawa a fadamun ƙasarmu, mai ƙamshi, mai jure ruwa in kogi ya cika. Ina da inda zan zuba ta. Can gabas wajen Malali, a lokacin ƙauye ne sosai, wani dattijon Gbagyi ya ara wa mijina wata 'yar fadama a bakin kogi, da ya rasu kuma ya bar mini. Sharaɗin aron a bayyane yake tun farko: ka shuka, ka kai wa mai ƙasa daminsa da kaka, fadama tana hannunka. Daminar da ka bar ta ba shuka, an ba wani, don su a wurinsu ƙasa ba ta kwana a banza. Irin da ke randar nan shi kaɗai ya rage mini daga noman bara. In na yafa shi, da kaka na yi sallama da layi, murhuna ya tashi. In ya salwanta, ba iri, ba fadama, ba sana'a.

To ba a ba kura ajiyar nama, ni kuwa a bazarar nan na san kura ce ni. Yaro na kuka, randa na kallona a kusurwar ɗaki, ai ba za a daɗe ba. Na barbaɗa toka a kai, na liƙe bakin da laka, muka mirgina ta ni da Yaya zuwa ɗakinta, wanda yake da daɓen siminti, gara ba ta hawa.

Na ce, "Yaya, ko kin ga ina birgima a ƙasa kada ki ba ni, sai ruwa ya sauka."

Ta ce, "Na ji, ƙanwana."

Ta kuwa riƙe. Akwai ranar da auta ya yini yana kuka, zuciya ta ɗebe ni na je na ce ta fasa mini ko mudu ɗaya ne. Ta tsaya a bakin ƙofarta, da tsawon nan nata, ta toshe hanya. Ta ce, "Ke kika ce." Ta ɗebo mini garin rogon da ta ɓoye wa tagwayenta. Rannan ba irin baƙar maganar da ban gaya mata ba, kashegari kuma na je na yi mata godiya. Na faɗi wannan ne don a san ba maciyar amana na ba ajiya ba.

Ana cikin haka wani mai wa'azi ya ɓullo a bakin kasuwa, doguwar farar riga, ƙafa ba takalmi, ƙararrawa a hannu. Ba wanda ya san daga inda ya fito. Yana kaɗawa yana shelar cewa za a busa ƙaho kafin a yanke hatsin bana, Almasihu zai dawo, wanda ya shuka ba zai girba ba. Mai yunwa kunnensa a buɗe yake, mutane suka yi masa caa. Faston cocin su Yaya, wani dattijo mai hankali, ya tsawata wa jama'arsa, ya ce ba wanda aka ba sanin ranar nan, kowa ya koma kan aikinsa. Ita da bakinta ta ba ni labari, na ga kuma hankalinta ya ɗan kwanta. Amma fasto sau ɗaya take ganinsa a mako, akawun kanti kuwa kullum. Wata rana muna gaban kanta, ina bayanta, na ji ta rage murya tana tambayarsa.

"Ɗan'uwa, kai da ka yi karatu, abin da mai ƙararrawan nan yake faɗa gaskiya ne?"

Ya dube ta da idon tausayi, wallahi kamar zai yi hawaye. Ya ce, "Mama, mu da muke aiki da Turawa muna jin abin da ba ku ji. Ko'ina a duniya haka ne. Lokaci ya yi."

Shi ke nan, magana ta zauna mata daram. Mutum mai fensir a kunne, ɗan addininta, ya tabbatar. Ta daina ɗinke rigunan tagwaye in sun yage. Ta rarraba kajinta a unguwa. Sai in fito in tarar da ita zaune a kan turmi tana kallon 'ya'yana, hawaye na zuba. Ta ce ita ba ta tsoron ranar don kanta, mu ne damuwarta, ni da yaran nan, ba ta san inda za a kai mu ba, ba ta kuma son ranar ta same mu da yunwa. Na ce mata mu ma a namu addinin duniya za ta tashi, amma ba a ba kowa ranar ba, balle wani mai yawo da ƙararrawa ko takalmi ba shi da shi. Na ƙara da tsokana, na ce, "Yaya, in an busa ƙahon ki taɓa ni, kin san barcina da nauyi." Ko murmushi ba ta yi ba.

Ruwa ya sauka. A lokacin auta ya lalace, ciki ya fito, wuya ya zama kamar na tsuntsu, gashin kansa ya fara ja. Na san maganinsa yana fadama. Na bar yaran a hannun Yaya, na saɓi fartanya na tafi kaftun fadama, ina kwana a ɗakin matan dattijon nan. Ƙasar ta sha ruwa, ta yi laushi, tana ƙamshi. Na kafce ta tas daga gaɓa har gindin tudu, hannuwana suka yi kanta, bayana ya ƙage, amma raina fari ƙal. Ranar da na gama dattijon ya zo ya duba, ya gyaɗa kai.

Ya ce, "Ɗiyata, akwai masu tambayar wurin nan. Iri fa?"

Na ce, "Yana gida, Baba, a liƙe. Shi zan je ɗaukowa."

Na iso gida rana tsaka. Tun daga ƙofa hancina ya gaya mini. Ƙamshin gumi ba ya ɓoyuwa, wanda ya tashi a ƙasar shinkafa ko a mafarki ya ji shi ya san shi. Na ce a raina wa ya samu shinkafa a gidan nan har da ta turarawa? Ina shiga na ga tsakar gida shimfiɗe da tabarmi, har da tawa ta kwana, an baza shinkafa a kai tana shan rana, jawur. Randata tana kwance a gefe, an fasa lakar bakinta. A inuwa kuma yara huɗu sun kewaye akushi, nawa da tagwaye, suna cin jar shinkafa da manja. Auta da hannu biyu yake ci.

Na durƙusa na ɗebi ta tabarma. Ɓawon ya tsage, ƙwayar ta yi ƙarfi tana sheƙi. Na sa a haƙori na ciza. Na matsa tabarma ta gaba, haka. Ta gaba, haka. Ga irina nan gaba ɗaya a gabana, in ban da wanda ke akushi ko ƙwaya ba ta ɓata ba, amma duk an kashe shi. Shinkafar da ta ga tururi ko a bakin Aljanna aka yafa ta ba ta tsira.

Yaya ta fito daga ɗaki tana goge hannu da zane. Ni in raina ya ɓaci harshen gidanmu ke fitowa.

"Yaya, mi kin ka yi? Mi kin ka yi min? Wanga ba abinci na ba, iri na!"

Ta ce, "Ƙanwana, tsaya ki ji. Bayan tafiyanki yaron nan ya kasa tashi. Na ɗaga shi ya koma. Na duba ɗaki ba komai sai randan nan. Na ce in ƙaho ya busa ina zaune a kan abinci, yaro yana mutuwa a gabana, me zan faɗa?"

"To ki ɗebi mudu guda mana! Mudu guda! Wa yac ce ki juye duka a tukunya?"

"Ai ba za a girba ba, ƙanwana," in ji ta, a hankali, kamar mai lallashin ƙaramin yaro. "Na ce gara su ci su ƙoshi kafin ranan. Kuma na yi gumi yadda kika koya mani, don ya yi auki."

Abin da na gaya mata a tsakar gidan nan ba zai rubutu ba. Mutanen gida suka fito suna riƙe ni. Na yi kan akushin zan fizge, sai auta ya ɗago ya dube ni, baki duk manja, hannuna ya tsaya a iska. Na koma na zauna a ƙasa kusa da randar na ɗora hannu a ka. Ta faru ta ƙare, an yi wa mai dami ɗaya sata.

Daga ranar na ɗauke mata wuta. Ko gaisuwarta ba na amsawa. Shinkafar kuwa muka ci, in ba mu ci ba me za mu yi da ita? Gaskiya ɗaya ce, auta ya farfaɗo a kanta, wuyansa ya ciko, ya koma guje-guje. Wannan ma wani baƙin ciki ne, don ya hana ni yin fushina cikakke yadda nake so.

Na bazama neman wani irin. Na zagaye kasuwa rumfa-rumfa, na bi Nufawa masu kawo shinkafa ta jirgi, na aika Zariya. Inda aka samu, turararriya ce. Inda ba a turara ba, kuɗin da aka faɗa ko na sayar da gado da tukwanena ba zan kai ba. Har wauta na yi, na ɗebi tawa na ƙulle a jiƙaƙƙen tsumma na sa a bayan tulu ina dubawa kullum da safe, ni da na san komai. Ta yi tsami ta ruɓe. Dattijon nan ya jira ni fiye da yadda al'adarsu ta ce, Allah ya saka masa. Da na je masa hannu biyu sai ya ce ciyawa ta fara rufe kaftuna, lokaci yana wucewa, ya ba wani. Ban ga laifinsa ba. Ban ma tambayi wanda ya ba ba, na juya na kamo hanya.

Damina ta yi kyau a shekarar, kamar da gayya. Dawa ta fid da kai, sabon gero ya shigo kasuwa, layin kanti ya fara gajarta. Ƙaho dai shiru. Mai ƙararrawa aka neme shi aka rasa, wasu suka ce ya hau jirgi ya nufi wani garin. Ni kuma na koma yi wa matan manya wanki da surfe, ni da nake da murhuna da masu zuwa neman abinci a ƙofata. Yaya ta zama kamar inuwa a gidan. Ta rame ta ƙara tsawo. Takan ajiye mini 'yar kuɓewa ko itace a bakin ƙofa, ni kuma in tsallake.

Dab da kaka, wata Asabar da safe, ta zo ta tsaya a ƙofata da zanenta na zuwa coci. Ta ce za ta je ta durƙusa wa dattijon nan ya mayar mini da fadamar baɗi, ita ta yi laifin, ita za ta roƙa, amma ba ta san hanya ba. Na ɗauki mayafina na wuce gaba, ta biyo ni a baya. Haka muka yi tafiyar nan har bakin kogi.

Tun daga tudu na hango ta. Shinkafa ta nuna ta sunkuya a kan kaftuna, iska na kaɗa ta. Wani sabon keke yana jingine a gindin bishiya. Leburori suna jera duwatsu a gaɓa don tare ruwa, wasu suna haƙa ramuka a gefen tudu suna dasa 'ya'yan mangwaro. A tsakiyarsu wani siriri da farar riga, ya naɗe ƙafar wando, yana nuna musu inda za su dasa. Ko da ba fensir a kunnensa na gane shi, akawun kantin nan ne.

Dattijon yana nan zaune a kan kututture. Yaya ta durƙusa ta fara roƙo, ya ɗaga mata hannu. Ya ce bakin alƙalami ya bushe, mutumin ya karɓi wurin har baɗi da gaba. Ya ce akawun ya zo da iri buhu-buhu a lokacin da kowa yake nema, wai masu bin mai ƙararrawa ne suka sayar masa da arha, tunda sun ce ba za su shuka ba.

Yaya ta miƙe. Ban taɓa ganin ta yi sauri irin na rannan ba. Ta bi kan kunya har gaban akawun, ni ina biye.

Ta ce, "Ɗan'uwa, ka gane ni?"

Ya ɗan ƙanƙance ido. Ta ina zai gane ta? Mu ai hannuwa ne kawai da muke miƙowa ta kan kanta.

Ta ce, "Ni ne na tambaye ka a kanti. Ka ce mani lokaci ya yi. To mangwaron nan wa zai sha?"

Sai ya yi dariya. Ba dariyar mugunta ba ma, da ita ce da na fi jin sauƙi. Dariya ce irin wadda ake yi wa yaro in ya ɗauki wasa da gaske.

"Haba Mama, ai wannan maganar layi ce. In ba a gaya musu haka ba sai su fasa mana kanti. Kada dai ki ce kin ɗauka?"

Ban san sanda na duƙa ba. Na dumbuzo taɓo cike da hannu biyu na maka masa a ƙirji, a kan farar rigar nan mai ƙarin guga. Na ƙara na biyu ya same shi a wuya. Leburori suka juya baya suna ƙunshe dariya, shi kuma yana ja da baya yana cewa zai kira 'yan sanda. Na ce ya kira, ya haɗa da Gwamna. Amma ko a lokacin na san banza ce. Riga za a wanke ta da yamma, shinkafa kuma tasa ce.

Da na waiwaya Yaya ta zauna dirshan a cikin ruwan fadama, da zanen cocinta. Ba kuka take ba. Ta buɗe tafukan hannunta a kan cinya tana kallonsu.

Ta ce, "Ƙanwana, da hannuna na hura wutan."

Na tsaya a kanta, zuciyata tana tafasa, na rasa wanda zan zuba wa. Wata da watanni ina gaba da matar da ta ciyar da ɗana, ga wanda ya yi mana aikin yana kakkaɓe riga yana duba ko taɓo ya taɓa masa agogo. Na sa hannuna mai taɓo na kamo nata.

Na ce, "Tashi, Yaya. Kada ki zauna a gonar mutane."

Muka hau tudu, ina riƙe da ita, zanenta yana ɗigar ruwa. Ban ƙara samun fadama a Kaduna ba, jar shinkafar gidanmu kuma a cikin 'ya'yanmu ta ƙare.